Kuɗin lefena ne, abokina ya ce mu juya su a ofshin kafin Sallah

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Dan Allah a ɓoye sunana. Ni matashi ne ɗan shekara 28, ina siyar da waya da caja da su iyafis a shagon yayana a Farm Centre. An sa min rana bayan babbar Sallah, yanzu saura wata 4. Na tara naira miliyan 1 da dubu 800 na lefe, amma da gwaggona ta zauna ta yi min lissafi sai ta ce da sauran aiki a gabana. Akwai abokina da shagonsu ke kallon namu, ya nuna min a wayarsa ya saka dala 100 ta koma 600 cikin kwana 3, a wani abu wai shi ofshin na hannun jarin Amurka, ya ce in kawo ko rabi ne mu juya kafin lokaci. Na kalli bidiyo ya fi goma a YouTube, ana ta cewa kol ana ta cewa fut, wallahi kaina ya kulle. Wace dabara ce tafi sauƙi ga ɗan koyo irina? Kuma in saka ko kar in saka?

Ƙaninka daga Ɗorayi

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sanya alheri, ya kaimu lokacin da rai da lafiya.

Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe tunda ita ce mai gajeriyar amsa. Kar ka saka. Ba rabi ba, ba kwata ba, ko dubu 50 kar ka taɓa a kuɗin nan. Amma na san halinmu, in na tsaya a nan gobe da safe abokinka zai sake leƙo shago da sabon sikirinshot ka ce ai Malam tsoro ne da shi kawai, don haka zauna in warware maka abin tun daga tushe, in ka gane yadda yake aiki kai da kanka zaka ga inda ramin yake.

Ka taɓa zuwa Dawanau lokacin kaka? To ɗauka ka je, ka samu mai masara da buhu 100 a sito, ana siyar da buhu dubu 40, kai kuma zuciyarka na raya maka nan da wata ɗaya zata tashi, amma baka da miliyan 4 a hannu ko kuma kana da su baka son ka zube su gaba ɗaya. Sai ka ce masa Alhaji ga dubu 150, ka riƙe min buhunan nan a dubu 42 har nan da kwana 30, in na zo da kuɗi dole ka siyar min a haka ko nawa ta kai a kasuwa, in kuma ban zo ba dubu 150 ɗin nan naka ne ka ci. In masara ta kai dubu 50 ka zo ka kwashe a 42 ka juya a take. In ta tsaya a 40 ko ta faɗi, me zai kai ka? Kayi zamanka, ɗan abin da ka bayar ya tafi.

Shikenan fa, wannan shi ne kol. Haƙƙin saye ka siya, ba kayan ba. Fut kuma kishiyarsa ne, haƙƙin siyarwa: kai ne zaka biya wani ɗan kuɗi ya ɗauki alkawarin dole ya siya a hannunka a farashi kaza kafin rana kaza, in kai ka so. Abu uku ne a jikin kowane ofshin. Farashin da aka tsayar, wanda zaka ji 'yan bidiyo na cewa sitiraik. Ranar da wa'adi zai ƙare. Sai kuɗin da ka biya ka mallaki haƙƙin, firimiyam, wanda mu a nan abin da ya fi kama da shi shi ne kafin alƙalami, sai dai akwai bambanci guda biyu da nake so ka riƙe don zamu dawo kansu: shi wannan ba a cire shi daga kuɗin kaya in ka zo biya, kuma ita takardar alkawarin kanta ana siyar da ita hannu zuwa hannu. Yawancin masu yin abin nan basu taɓa niyyar karɓar hannun jarin ba, takardar kawai suke juyawa.

A tsarin da ake yi yanzu abin ya samo asali ne daga Shikago, a 1973 aka buɗe kasuwar ofshin ta CBOE, kuma a Amurka kowace kwangila ɗaya tana wakiltar hannun jari 100 ne. Wannan ɗarin shi ne abin da ke ruɗar ɗan koyo. Zaka ga an rubuta 2.00 ka ɗauka dala 2 ce, alhali dala 200 ce.

To mu ɗauki misali da lambobi, kai ɗan kasuwa ne, lissafi ba baƙonka bane. Ka ɗauka dala tana naira 1,500 don sauƙi. Wani kamfani hannun jarinsa yana dala 50. Ka siyi kol mai farashi 55, wa'adin wata ɗaya, a kan dala 2, wato ka fitar da dala 200, naira dubu 300 kenan. In Allah ya yi ya haura 65 kafin wa'adi, haƙƙinka ya kai dala 10 sau 100, dala 1,000, ka cire 200 ɗinka ribarka 800. Irin wannan ranar ce abokinka ya ɗauki hotonta.

Yanzu ga ranar da ba a ɗaukar hoto. Hannun jarin ya tashi, ya kai 54. Hasashenka ya yi daidai fa, kamfanin ya ƙaru da kashi 8 cikin 100 a wata ɗaya, wanda ya siyi hannun jarin kai tsaye yana murna. Kai kuwa? Sifiri. Dubu 300 ta tafi gaba ɗaya, saboda waye zai biya ka kuɗi a kan haƙƙin saye a 55 abin da ke kasuwa a 54. In ya kai 56 ka tsira da dala 100 ka rasa 100. Sai ya wuce 57 sannan ka fara ganin kobo ɗaya na riba. Kaga kenan a ofshin bai isa ka canki hanya ba, sai ka canki hanya, ka canki nisan tafiyar, ka kuma canki lokacin isowa, ukun a tare. In kamfanin ya kai 70 kwana biyu bayan wa'adinka ya ƙare, sai dai ka yi ta cizon yatsa, takardarka ta riga ta mutu.

Wannan maganar lokaci ita ce abin da nafi so ta zauna maka. Waya in ka saro ta bata siyu yau ba tana nan a shokes, gobe ma waya ce, ko farashinta ya sauka zaka samu wani abu. Ofshin ba waya bane, ƙanƙara ce. Mai siyar da ƙanƙara a watan azumi ya san in Magariba ta wuce bai siyar ba ruwa zai kwasa. Kullum garin Allah ya waye darajar ofshin ɗinka tana ɗiga ko da hannun jarin bai motsa ko nan da can ba, kuma a satin ƙarshe ɗigar ta koma zuba. Masu araha ɗin nan da ake tallatawa a guruf, na kwana 2 kwana 3, wasu ma a ranar suke ƙarewa, arahar tasu ba alheri bane, an kusa shan ruwa ne shi yasa aka karya farashi.

Siyan fut haka yake a juye. Hannun jari yana 50, kana ganin zai faɗi, ka siyi fut mai 45 a kan dala 1.50, wato 150. In ya rikito 35 kana da dala 1,000, riba 850. In ya tsaya a 46, babu komai. Waɗannan biyun, siyan kol da siyan fut, su ake fara koya wa mutane, kuma abin da ake yabonsu da shi gaskiya ne: bazaka rasa fiye da abin da ka biya ba. Amma ka lura da yadda ake faɗar maganar. Abin da ka biya ɗin shi ne duk abin da ka saka. In dubu 900 ka zuba, iyakar asararka dubu 900 ce, to ina sauƙin yake.

Sai ɗaya ɓangaren, ɓangaren Alhajin Dawanau mai karɓar kuɗi. A nan ne yawancin dabarun da manya suke kira masu natsuwa suke, kuma zan faɗa maka su don ka sani, duk da zaka ga aljihunka bai kai can ba.

Ta farko ita ce siyar da kol alhali kana da kayan a hannu. Kana riƙe da hannun jari 100 da ka siya a 50, sai ka siyar wa wani haƙƙin ya karɓe su a 55, ya baka dala 200. In wata ya ƙare farashi bai kai 55 ba, 200 taka ce kuma kayanka na nan, wata mai zuwa ka sake. Kamar ka ba da hayar abin da dama ajiye yake. In kuma ya yi tsalle ya kai 70, dole ka sallama a 55, ka tashi da 700 gaba ɗaya a inda da ka yi zamanka zaka samu 2,000, kana kallo wani ya kwashe sauran. In ya faɗi 35 kuwa, asarar 1,500 tana wuyanka, 200 ɗin nan ɗan rage zafi ne kawai. Dabara ce mai ma'ana ga wanda dama yake da niyyar siyarwa a 55. Amma duba kuɗin shiga: hannun jari 100 a dala 50 dala 5,000 ne, naira miliyan 7 da rabi. Kai duk lefenka dala 1,200 ne.

Ta biyu fut na kariya, wannan inshora ce tsantsa. Kana da hannun jarin nan 100, kana tsoron faɗuwa, sai ka siyi fut mai 45 a dala 150. Ko kamfanin ya koma 20 kai zaka siyar a 45, asararka bata wuce 650 ba. Da ace irin wannan akwai shi a Dawanau da masu ajiyar hatsin da farashi ya karye a kansu a 2025 basu ji jiki haka ba. Matsalarta, in kowane wata zaka biya 150, a shekara ka biya 1,800 kana gadin kayan 5,000, maigadi ya cinye gidan. Shi yasa masu yi sai lokacin da suke jin ƙanshin hatsari suke siya, ba kullum ba.

Ta uku siyar da fut da kuɗi a ajiye. Kana son hannun jarin amma 50 ya maka tsada, a 45 kake so. Sai ka ɗauki alkawarin zaka siya a 45, a baka dala 150, ka ajiye 4,500 a gefe baka taɓa su. Bai sauko ba, ka ci 150. Ya sauko, ka siya a farashin da dama kake so. A baki daɗi. Amma in ya zarce ya faɗa 30, a 45 ɗin dai zaka siya, kayi asarar 1,350 a kan neman 150.

Akwai kuma haɗa biyu, ka siyi kol mai 55 a dala 2 ka siyar da mai 60 a dala 0.80, kuɗinka ya ragu zuwa 120, ribarka kuma ta tsaya a 380 ko sama ta kai. Wannan sai wanda ya riga ya iya na farkon.

Guda ɗaya ce zan ce ko a mafarki kar ka kusance ta, siyar da kol baka da kayan. Su turawan da kansu tsirara suke ce masa. Ka karɓi 200 ka ɗauki alkawarin kawo abin da baka da shi, kuma farashi bashi da rufi. A Janairun 2021 hannun jarin wani kamfanin Amurka mai suna GameStop ya tashi daga ƙasa da dala 20 ya taɓa 483 cikin wata guda. Ka lissafa wanda ya yi alkawarin bayarwa a 25 ba tare da yana da ko ɗaya ba, sau 100, a kan kwangila ɗaya tak.

To ka ji dabarun. In ka lura, waɗanda ke da ɗan hankali a cikinsu duk na mai kaya ne ko mai kuɗi a ajiye. Abin da ya rage wa mai dala 600 shi ne siyan kol da fut masu gajeren wa'adi, wato dai ƙanƙarar. Kuma ba ni kaɗai nake faɗa ba. Hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Indiya, SEBI, ta bi asusun mutane ta fitar da rahoto a 2023 cewa kusan mutum 9 cikin 10 na ɗaiɗaikun masu wannan harka asara suka yi, da ta sake dubawa a 2024 a kan shekara uku sai adadin ya kai kashi 93 cikin 100. Kuma Indiyawa ba daƙiƙai bane a lissafi. Kai har waɗanda suka ƙirƙiro lissafin farashin ofshin ɗin, Myron Scholes da Robert Merton, an basu kyautar Nobel a 1997, a 1998 kamfanin zuba jarin da suke ciki, LTCM, ya yi asarar sama da dala biliyan 4 sai da aka tara bankuna suka tallafe shi.

Ni ma ba daga littafi kawai nake maka magana ba. A 2021 lokacin da kowa ke zancen kasuwar Amurka na gwada da dala 300. Na siyi kol a wani kamfani ana jibi zai fitar da rahoton ribarsa, na tabbata zai yi kyau, kuma ya yi kyau ɗin, hannun jarin ya tashi. Washegari na buɗe waya da murmushi sai na ga 300 ta koma 110. Na ɗauka manhajar ce ta samu matsala har na kashe wayar na kunna. Ashe kafin rahoto kowa yana ɗoki don haka ofshin ya yi tsada, kamar rago ana jajiberin Sallah, da rahoton ya fito ɗokin ya kwanta farashi ya sace, tashin da hannun jarin ya yi bai kai ya cike gurbin ba. Ba kuɗin ne ma ya fi damuna ba. Kasuwar Niyok tana buɗewa ƙarfe 2:30 na rana agogonmu, in sanyi ya shigo musu 3:30, ta tashi 9 ko 10 na dare. Wato daidai La'asar, Magariba, Isha'i. Ranar nan ina sahu na biyu a masallacin unguwarmu, waya tana aljihun gaba tana ta gurnani, liman ya sallame wallahi ban san surar da ya karanta ba, na kusa da ni ya taɓo ni ya ce Malam lafiya, wai tun ɗazu hannuna ke kan aljihu. Ina fitowa na zauna a bencin mai shayi na siyar da abin da ya rage, na goge manhajar shayin bai ma huce ba. Kai da kake shago, kwastoma na tsaye yana tambayar nawa ne caja kai idonka na kan jan layi da koren layi, yayanka bazai daɗe bai gane ba.

Yanzu zancen abokinka. Ban ce maƙaryaci bane, wataƙila da gaske ya ci 600 ɗin. Ka roƙe shi abu ɗaya cikin raha, ya buɗe maka tarihin asusun gaba ɗaya, nawa ya zuba tun farko, nawa ya cire ya shigo asusun bankinsa na naira. Ba abin da ke rubuce a allo ba, abin da ya fito ya taɓa hannu. Sannan ka leƙa manhajar da idonka. In ka ga maɓalli biyu ne, kore na sama ja na ƙasa, ana cewa ka canka nan da minti 1 ko minti 5, to wannan ba ofshin ɗin da na yi maka bayani bane sam, bainari ake ce masa, sunan kawai ya ara. Tarayyar Turai ta hana siyar wa talakawa shi tun 2018, Ingila ta bi a 2019. In kuma cewa ya yi ka turo kuɗin asusunsa ko na wani oga a Telegram mai ba da sigina shi zai juya muku, to nan ma mun bar zancen ofshin mun shiga wani babi da muka sani. MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disamban 2016, CBEX ta rufe a Afrilun 2025, kuma duk wanda ya shiga ta hannun wani na kusa da shi ya shiga, wanda shi ma da zuciya ɗaya ya kawo shi. Ka sani kuma a kasuwarmu ta Legas, NGX, da suka buɗe ɓangaren irin waɗannan kwangiloli a 2022 da kwangilar saye ta gaba a kan ma'aunin kasuwa, wato lambar da ke nuna hawa da saukar manyan kamfanoni a haɗe, suka fara, ba ofshin na kamfanoni ba. Don haka duk ofshin da zaka yi ta hannun dillalin waje ne, da dala, kuɗin canji ya ci nasa wajen shiga ya ci wajen fita, in kuma rigima ta tashi ba ofishin da zaka hau adaidaita ka je.

Akwai abin da baka tambaya ba amma bazan tsallake ba, tunda aure zaka gina da kuɗin nan. Ni ba malamin fiƙihu bane, amma abin da na sani shi ne Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, OIC, a zamanta na Jidda a 1992 ta duba ofshin yadda ake yinsa a kasuwannin duniya ta ce bai halatta ba, saboda abin da ake siyarwa ba dukiya bace, ba amfanin wani abu bane, haƙƙi ne tsura, kuma tunda asalin bai inganta ba juya takardar ma bai inganta ba. Ka tuna bambanci biyun da na ce ka riƙe? Su ne nan. Shi kansa kafin alƙalamin da mai kaya ke cinyewa in an fasa ciniki, Hambaliyya ne suka yarda da shi, ita ma majalisar ta amince da shi a 1993 in an sa wa'adi, amma a mazhabarmu ta Malikiyya ba a yarda ba. To in wanda ake cirewa daga kuɗin kaya ma akwai magana a kansa, ina ga wanda ba a cirewa. Ka samu malamin da ya san mu'amalat, ba kowane mai wa'azi ba, ka zayyana masa yadda na zayyana maka da misalin masarar nan, ka ji daga bakinsa. Na fi son ka ji kafin, ba bayan an kai akwati gidan mutane ba.

In kuma zuba jari ne ya shiga ranka da gaske, wannan abu ne mai kyau kuma ƙofarsa ba ofshin bace. Bayan biki, in hankali ya kwanta, ka buɗe asusu wajen dillalin da ke da rajista da SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Najeriya, ka shiga shafin hukumar ka duba sunansa da kanka kar ka yarda da hoton satifiket, za a buɗe maka asusun CSCS, inda ake ajiye hannun jarin da ka siya, da sunanka. Ka fara siyan hannun jari na gaske kaɗan kaɗan, dubu 20 dubu 30 a wata, a kamfanonin da kasan me suke siyarwa, siminti, sukari, layin waya. Akwai ma'aunin Lotus na Musulunci a NGX tun 2012 da ke tace kamfanonin da suka dace da shari'a, akwai sukuk, wato takardar zuba jari ta Musulunci, na gwamnatin tarayya da aka fara a 2017 da naira biliyan 100 ana gina tituna da shi. Ba a ninka kuɗi a kwana 3 a nan, kuma shi ma yana faɗuwa, waɗanda suka ga 2008 zasu baka labari, kasuwar ta zubar da kusan kashi biyu bisa uku cikin shekara guda kuma waɗanda suka ci bashin banki suka siya su suka fi shan wuya. Amma hannun jari in ya faɗi yana nan da sunanka, kana iya jira. Shi yasa ko shi ɗin ban ce ka kai kuɗin lefe ba, wata 4 ba lokacin jira bane.

Shi kuma ofshin in kana son ka fahimce shi don ilimi, ɗauki littafin rasit ɗin shago da ya ƙare, ka juya bayansa. Duk ranar da abokinka ya ce ga wanda za a shiga, ka rubuta kwanan wata, farashi, wa'adi, da nawa zaka saka da ace da gaske ne. Kar ka tsallake ko ɗaya, har waɗanda zai ce ai wannan kuskure ne. Ranar da wa'adi ya cika ka rubuta abin da ya fito. Kayi wata 3 a haka ka haɗa jimla.

Lefen kuma, tunda gwaggo ta ce da saura, amsarsa ba a Niyok take ba. Garin neman gira kar a rasa ido. Satin nan ka ɗauki gwaggo ko yayarka ku shiga Kwari, a fara kwasar atamfa da leshi tun kafin cunkoson Sallah ya ɗaga farashi, a kai ɗakinta a kulle, kuɗin da ya zama zani ba mai ce maka kawo mu juya. Abin da ya rage ka zauna da yayanka ka faɗa masa gaskiyar inda ka tsaya, shi ma ya yi aure ya san zafin abin, ko ya ƙara maka kaso a cinikin wata huɗun nan ko ya ɗauke maka akwati ɗaya. Ita ma yarinyar ka yi mata magana, sau da yawa mu ne muke ɗora wa kanmu akwati shida alhali gidan su da huɗu ma zasu karɓa da hannu biyu.

Ka rubuto min sunan manhajar da abokin naka yake amfani da ita da abin da ka gani da ya buɗe maka tarihin, in ya yarda ya buɗe. Kuma kar a manta da ni a katin ɗaurin aure, Ɗorayi ba nisa.